Furen Baturiya a Kan Juji

"Lafiya lau, sai zafi. Ina gajiyar hanya? To madalla. Sauko daga kan babur ɗin mana, ko an ɗinke ka da shi ne?"

Haka na tari jikana Muntaka ranar da ya shigo mana Kwanyawa da rana tsaka, cikin bazarar shekarar da ake ginin dam a Karaye. Gadina ne a gidan wani injiniya Bature, shi ke ba fulawoyin matarsa ruwa. Ƙanwarsa Baraka kuwa tana ɗakina tana jego. Daga Zoza ta zo goyon ciki, ta sauka lafiya, ɗa namiji. Ko huɗuba ba a yi wa yaron ba, don uban ya yi kudu da shanu neman ruwa, an dai aika masa. Tun safe kuma jaririn ya ƙi kama nono. Ya yi kuka, ya yi shiru, ya sake ɗauka. Hankalina dama a tsaye yake.

Muntaka ya sauko rungume da wani kwali, yana takawa kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Hajo amarya, ashe kina nan? Ni da na taho da yunwata, na ɗauka zan tarar ana rabon gumbar sadakarki."

"Ina nan daram, maigida, sai na ga ranar da za ka yi ƙiba. Dubi wuya kamar na zalɓe. Da kai da babur ɗin ban san wanda ya fi wani ƙarfe ba."

"Ramar ai ke ce sanadi. Wa ya taɓa auren tsohuwa ya yi kumatu?"

"Wa ya taɓa auren mai ban ruwan ciyawa ya ci nama? Miƙo kwalin in ga abin da ka kawo wa maijego."

Na ɗauka kanwa ce da kayan yaji, ko sabulu da man shafawa. Ya ƙi miƙowa. Sai da ya shiga inuwar rumfa, ya tsuguna, ya buɗe a hankali. Na leƙa. Wata 'yar tukunya ce da ba ta fi kofin shayi ba, a cikinta wani ɗan tsiro mai ganye kauri a jere kamar yatsun hannu, da wani siririn kara ɗauke da 'yan ƙulle-ƙullen fure da ba su buɗe ba. Babu ƙasa ko ta tsinke. Gawayi ne da ɓawon itace, saiwoyin duk a waje, farare, sun rataye kamar tsutsa.

Na ce masa to, wannan a miya ake sa shi ko a kunu. Ya ce ba a ci, kallo ake yi. Turawa suna ce wa irinsu okid. Uwargidansa Baturiya ta yi tafiya, ta bar masa saƙo ya je Kano wurin wani mutum da ke kawo furanni daga ƙasashen waje, ya zaɓo mata guda ɗaya ƙarami, wanda zai zauna a bakin taga ba ya tare haske. Ya yi ta ba ni labarin zaɓen kamar wanda ya je neman aure: wai akwai manya masu kai ƙugu, ya bar su, akwai wani da ya riga ya yi fure jajir, ya bar shi don kafin matar ta dawo ya zube, ya duba wanda ganyensa ke da tauri, saiwarsa fara da kore a baki, ya ɗaga shi ya leƙa ƙarƙashi ko da ƙwaro. Wannan kuwa, in ji shi, iyakar girmansa ke nan, ko ya shekara goma.

"Ashe ɗan'uwanka ka samo. Kai ma tun kaciya ba ka ƙara ba."

"Ni aƙalla ban koma ƙasa ba. Ke kuwa duk zuwana sai na tarar kin rage taƙi guda."

Abin da ya kawo shi dai shi ne, ɗakinsa na kamfani kwano ne, da rana kamar tanda, abin kuma ba ya son rana ta doke shi, ba ya son bushewar iska. Ya tuna da lungun randunana, inda ƙasa ke a jiƙe kullum. Nan yake so in ajiye masa kafin matar ta dawo. Lungun nan kuwa a ɗakin da Baraka take kwance yake.

Na ce tsiron da ba ya taka ƙasa ai kauci ne, kauci kuwa kowa ya san masu nemansa da abin da suke yi da shi. Ya ce ba kauci ba ne, ba ya shan jinin bishiya, hawa kawai yake yi ya zauna. Kuma wannan ma ba a daji aka tsinko shi ba, haɗa shi aka yi, kamar mangwaro mai aure: uwa daga wani tsibiri, uba daga wani.

Har nan wasa nake. Sai na tambaye shi sunansa.

Ya sosa ƙeya. Ya ce ai nan ne ma abin ya ɗaure masa kai. Baturiya ta ba shi suna, ya riƙe a ka tun daga Karaye har Kano, Onsidiyum. Da ya faɗa wa mai furannin, sai mutumin ya ce wannan sunan da ne, an cire wa 'yan ƙananan nan shi, yanzu Tolumniya ake ce musu. Ban da wannan kuma akwai na uku, wanda mutumin da ya haɗa auren ya raɗa masa. Ya buɗe baki zai faɗi na ukun, na sa hannu na toshe.

"Rufa mini baki. Kada ka ƙara kiran ko ɗaya a gidan nan."

Ya ɗauka zolaya ce, ya fara dariya. Da ya dubi fuskata sai ya daina. A daidai lokacin jaririn ya tsala wata ƙara daga ɗaki, irin wadda ban ji ya yi ba tun da aka haife shi.

Yaran yanzu ba su san komai ba, sai an zaunar da su. Na zaunar da shi. Na tuna masa abin da ya sha ji yana ɗauka tatsuniya ce. A Zoza na yi zaman aurena na fari, na haihu na binne, na haihu na binne, har mata suka daina zuwa mini barka da murya sama. Da aka haifi ubansa, kakata ta ce wannan kam ba za a bar shi a fili ba. Liman ya raɗa masa Halliru, amma ba wanda ya kira shi haka. Aka kai shi kan juji aka ajiye kamar tsumma, na juya baya na ce ba na so, wata tsohuwa ta zo ta tsince shi. Aka huda masa kunne ɗaya, aka ce sunansa Ajuji. Mai neman Halliru ya zo ya tarar babu Halliru, sai wani abin yasarwa mai hudajjen kunne, ya wuce. Ga shi nan yau da furfura a gemu, ya tafi sharar gona.

"To ka faɗa mini, maigida. A duniyar nan ka taɓa ganin an sauya wa abu suna ba nemansa ake yi ba? Ubanka sau ɗaya aka sauya masa, don abu ɗaya ke binsa. Wannan ɗan mitsitsin sunansa har uku. Me ke binsa?"

"Haba Hajo, ba abin da ke binsa. Masana ne suka sake dubawa suka ga ba ɗan gidan da aka sa shi ba ne. Kamar yaron da ya tashi a hannun kawunsa, kowa na kiransa da sunan gidan, daga baya a ce a'a, ga ainihin zuriyarsa."

"Wato su ma ba su san ubansa ba."

"Sun sani yanzu."

"Da ma haka suka ce sun sani. Gobe fa?"

Sai ya ce gaskiya mai furannin ya ce ba mamaki a sake sauyawa, wai har yanzu masanan ba su gama gardama ba, wasu na kiran tsohon, wasu sabon. Na ce ka ji. Abin da ke binsa bai gaji ba ke nan, su ma sun sani, suna ta gudu da shi daga suna zuwa suna, daga ƙasa zuwa ƙasa, har suka rasa maɓoya sai Kwanyawa, sai ɗakina.

Ya ce shi furen bai ma san yana da suna ba, ba ya amsawa. Na ce ubanka ma ranar da aka ajiye shi a juji bai san yana da suna ba. Ya ce malamai sun ce wannan duk canfi ne. Na ce ni ma ina salla, ban kuma ce wani ke rayawa ba Allah ba, amma ni na wanke 'ya'yana da hannuna aka fita da su a tabarma, shi kuwa ganye yake wankewa.

Sannan na faɗa masa abin da ke cina, da murya ƙasa don kada Baraka ta ji.

"In mai neman nan ya biyo sawu ya shigo ɗakin, zai tarar da abu biyu a kwance. Ɗaya sunansa uku, ya san yadda ake ɓuya. Ɗaya ko guda ba shi da shi. Wanne kake gani zai ɗauka?"

Ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi tukunyar. Can ya ce, ba wai ya yarda ba ne, amma babur ɗinsa ya mutu a hanya, kuma daidai gindin tsamiyar nan ta bakin rafi. Ya duba mai, akwai. Ya yi ta bugawa ya ƙi, sai da ya tura shi ya wuce inuwar sannan ya tashi.

"Kuma ka ɗauko ka kawo mini."

"To da ina zan kai? Kin san dai ba ni da wata matar sai ke."

"Yau ka tuna. Ɗauki kayanka ka koma da shi."

Nan fa ido ya raina fata. Ya ce in ya koma da shi cikin ranar nan, ya kwana biyu a ɗakin kwano, kafin Baturiya ta dawo ya zama kayan shara, shi ma ya bi shi. Dama gabansa na faɗuwa ko matar za ta ce ba abin da ta aike shi ba ke nan, tun da sunan da ta ba shi daban, wanda ya kawo daban. Ya roƙe ni ko bayan ɗaki ne, ko rumbu. Na ce duk cikin gida ne, mai nema ba ya tsayawa sallama a zaure.

Jaririn na ta kuka. Ina jin Baraka tana jijjiga shi tana lallashi. Na dubi Muntaka, ya yi zuru-zuru, gumi na bin kakinsa na aiki. Raina ya ce kore shi, raina kuma ya ce wannan ma ai ɗan Ajuji ne, a bayana ya yi wayo. Na zauna ina murza goshi. Magani ɗaya na sani a duniya na abin da ake bi, shi ne wanda aka yi wa ubansa.

"Tashi. Ɗauki tukunyar. Juji za mu."

"Juji kuma? Hajo, kin san daga inda abin nan ya taho? A jirgin sama fa ya zo."

"Ubanka daga cikina ya taho, ya kuma kwanta a can. Wuce."

Jujin namu na bayan gida, inda ake tara toka da kashin awaki kafin a kwashe a kai gona. Na karanta masa yadda za a yi. Zai ajiye a tsakiya, ya ce ba ya so da ƙarfi yadda na kusa da na nesa za su ji, ya juya ya tafi. Kome ya ji a bayansa kada ya waiwaya, in ya waiwaya an san yana so, aikin ya ɓaci. Ya ce akwai awaki a wurin. Na ce lokacin ubanka har kare akwai.

Ya hau jujin da takalminsa na kamfani yana nutsewa cikin toka. Ya ajiye tukunyar kamar mai ajiye ransa. Ya ce ba ya so, a ciki-ciki.

"Ban ji ba. Ko kukan sauro ya fi wannan."

"Ba na so."

"Me ba ka so?"

"Wannan abin banzan, mara asali, mara ƙasa. Na yar. Duk mai so ya ɗauka."

"Yauwa. Haka uwargidanka za ta ce da kai wata rana, gara ka saba. Tafi."

Ya juya ya nufi katanga, wuyansa a sandare. Ni kuma na tsaya daga gefe, don mai tsintuwa ba ta zuwa da wuri, sai abin ya ɗan jima a yashe. Rana ta take, ko ganye ba ya motsi, garin ya yi tsit ban da kukan yaron da ke tsallako katanga. Ina karanta duk abin da na iya, ina duban ko'ina ban san me nake jiran gani ba. Wata 'yar guguwa ta taso daga wajen gonaki, ta zo ta gefen jujin, ta kwashi toka da ganye ta yi gaba. Tsigar jikina ta tashi har ƙeya.

Sai ga jar akuyar maƙwabta. Ta hau jujin tana shinshine-shinshine, ta nufi tukunyar kai tsaye.

"Hajo, me nake ji kamar tafiyar akuya?"

"Kunnenka ne. Kada ka waiwaya."

"Hajo, don girman Allah."

"Ka waiwaya ka kashe aikin, ka kuma san wanda ke kwance a ɗaki."

Bai waiwaya ba. Na ga hannayensa sun dunƙule, na ga ƙeyarsa na tsiyayar gumi, amma ya tsaya. Wannan kam na yaba masa, ko da yake ban faɗa masa ba. Akuyar ta kai baki. Na ɗaga zani na hau da saurin da rabona da shi tun ina budurwa, na daka mata tsawa, amma ta riga ta gatsi bakin ganye ɗaya ta yi tsalle da shi. Karan furen dai Allah ya tsare.

Na sunkuya na ɗauka. Na ce, yadda tsohuwar nan ta Zoza ta ce, kai, ga wani abu an yasar, bari in ɗauka ko zai yi mini amfanin wani abu. Na shafa wa tukunyar toka. Na ce sunanki Ayashe, daga yau ba ki da wani.

Da Muntaka ya ga ganyen sai da ya zauna a ƙasa. Ya riƙe kai yana cewa shi ke nan, ya zaɓo mai lafiya cikin dubu, na mayar masa da shi mai yankakken kunne.

"Gode wa akuyar nan, ta hutar da ni neman allura. Yanzu ya cika ɗan juji. Wa zai so shi da wannan kunnen?"

"Baturiya ma ba za ta so shi ba."

"Ubanka da nasa kunnen ya samu mai so, har aka haifo mini kai, don dai a ƙara mini wahala."

Muna shigowa gida na tsaya cak. Kukan ya ɗauke. Babu jijjiga, babu lallashi, babu komai. Na san irin wannan shirun, na sha jin sa a Zoza. Na miƙa wa Muntaka tukunyar ban ko dube shi ba. Daga rumfa zuwa ƙofar ɗakina ba nisa, amma ranar sai na ga kamar ba zan kai ba. Na ɗaga labule.

Baraka na zaune ta jingina da bango, idonta a rufe. Yaron na ƙirjinta, ya kama, kumatunsa na motsi, har da ɗan gurnani irin na mai jin haushin an daɗe ba a ba shi ba. Ta buɗe ido ta sa yatsa a baki, wai kada in yi magana.

Na fito na zauna a bakin ƙofa. Muntaka ya leƙa, ya dawo, ya sauke wani dogon numfashi. Da ya samu bakin magana sai ya ce ai yunwa ce ta ci ƙarfin yaron, da ma zai kama. Na ce haka ne, babur ɗinka ma yunwa ce ta kama shi a gindin tsamiya.

Na karɓi tukunyar na kai lungun randuna na ajiye. Na ɗauko wata tsohuwar wuƙa na sa a gefenta, irin wadda aka ajiye wajen kan jaririn don tsari. Muntaka ya ce to ranar da matar za ta dawo zai zo ya ɗauka.

"Ka ɗauki me? Kai da ka yar a gaban shaidu? Ni da akuya duk mun ji. Ni na tsinta, tawa ce."

"Hajo, kada ki yi mini haka."

"Abin banza, mara asali, mara ƙasa. Bakinka ne ko nawa?"

Ya dube ni, ya dubi lungun, sai dariya ta ƙwace masa, irin ta wanda ya sha da ƙyar. Ya laluba aljihun kakinsa ya fito da wani farin goro babba a naɗe cikin ganye, wanda na tabbata tun Kano ya saya don ni, ya ɓoye yana jiran in roƙa. Ya durƙusa ya miƙo da hannu biyu, ya ce ya zo biko.

Na ɓare goron na ce sai bayan suna, sai yaron ya samu nasa ya riƙe, sannan in ba shi aronta.

"To in Baturiya ta tambaye ni sunansa, wanne zan faɗa? Tsohon ko sabon?"

"Ka ce mata Ayashe. Mutanen da suka raɗa masa suna uku, na huɗu ba zai kashe su ba."